ILMIN UWA DA RAN ƊA: TA WACE HANYA YAKE BI?

A cikin shekarar 1973 waɗansu ma'aikatan bincike suka bazu cikin unguwannin birnin Badun, watau Ibadan, suna shiga gida gida, suna tambayar mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ne suke raye, nawa kuma Allah ya yi wa rasuwa. Mata fiye da 6,000 ne suka amsa tambayoyin. Wanda ya ja ragamar aikin kuwa shi ne Farfesa John Caldwell, mutumin ƙasar Ostareliya, masanin ƙididdigar jama'a, wanda a lokacin yake aiki tare da malaman Jami'ar Badun.

Da ya buga sakamakon a shekarar 1979, sai ya zama abin magana ko'ina cikin duniyar masana kiwon lafiya. Abin da ya samu shi ne, 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi tsira da rayukansu nesa ba kusa ba bisa ga 'ya'yan matan da ba su yi ba. Ko da aka kawo ilmin uba, da sana'arsa, da wurin da iyalin suke zaune aka sa cikin lissafi, ilmin uwa bai gushe ba yana kan gaba.

Shekaru sun shuɗe, amma tazarar tana nan. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa baki ɗaya wanda Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara 5 ba. Ga 'ya'yan matan da ba su shiga aji ba ko kaɗan adadin ya kai 170, ga 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare kuwa 56 ne. Haka kuma a 2010 waɗansu masana sun buga lissafi cikin mujallar likitoci ta Lancet, inda suka ƙiyasta cewa wajen rabin raguwar mutuwar ƙananan yara da aka samu a duniya tsakanin 1970 da 2009 tana da alaƙa da ƙaruwar ilmin mata.

To, amma fa allo da alli ba sa sauke zazzaɓi, takardar shaidar gama makaranta kuma ba ta tsai da gudawa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Lalle akwai wani abu da makaranta take canzawa a rayuwar mace, wanda shi ne yake isa ga jaririn da ke goye a bayanta. Gano wannan abu, da auna ƙarfinsa, shi ne aikin wata dabarar lissafi da masana suke amfani da ita, wadda a Hausance ana iya kiranta binciken ɗan tsakani.

ME YA SA SAI AN SAN HANYAR?

Mai karatu yana iya cewa, tun da an ga ilmi yana da amfani, ai sai a sa yara mata makaranta a huta. Gaskiya ne, ba wanda zai ja da wannan. Amma yarinyar da aka sa aji ɗaya bana sai ta yi shekara 10 ko 15 kafin ta zama uwa, alhali kuwa akwai miliyoyin matan da suka riga suka yi aure ba su taɓa shiga aji ba, kuma 'ya'yansu suna cikin haɗari tun yanzu. Idan aka gane cewa amfanin ilmi yana bi ne ta kai yara allurar rigakafi, sai a kai rigakafin ƙofar gida. Idan ta tsabtar ruwa yake bi, sai a haƙa rijiya. Idan kuma ta ikon mace ne na fita da ɗa zuwa asibiti ba tare da jiran kowa ba, to magana ta koma kan mazaje da surukai. Kowace amsa tana da wurin da za ta kai kuɗin gwamnati, kuɗin kuwa ba su da yawa.

Matsalar ita ce ba a iya yin gwaji a nan irin wanda ake yi wa sabon magani. A wajen magani akan jefa ƙuri'a, a ba rabin mutane, a hana rabi, sa'an nan a kwatanta. Amma ba mai hankalin da zai jefa ƙuri'a don a hana rabin 'yan matan gari karatu, kamar yadda ba wanda zai tilasta wa mutane shan taba don ya ga abin da zai same su. Saboda haka dole masana su dogara ga binciken lura, watau su zuba ido su rubuta abin da mutane suke yi da kansu, su kuma yi ƙoƙarin warware zare da abawa da alƙalami.

YADDA AKE LISSAFIN

Ɗan tsakani shi ne abin da yake ɗauko tasirin wani abu ya kai shi ga wani, kamar yadda dillali yake tsakanin mai kaya da mai saye. Ilmin uwa shi ne mafari, rayuwar ɗa ita ce ƙarshe, rigakafi kuwa yana iya zama ɗan tsakani.

Hanyar da aka saba bi tana da sauƙin fahimta. Da fari akan auna dukkan tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu ilmi da na marasa ilmi. Sa'an nan a sake aunawa, amma wannan karon a kwatanta waɗanda suka yi daidai a wajen ɗan tsakani kaɗai, watau mai rigakafi da mai rigakafi, marar rigakafi da marar rigakafi. A ɗauka, don misali kawai, tazarar farko 10 ce, ta biyu kuma ta dawo 6. Sai a ce 4 cikin 10 sun bi ta hanyar rigakafi, sauran 6 kuwa sun bi waɗansu hanyoyi dabam waɗanda ba a auna ba.

Asalin dabarar ya daɗe. Wani Ba'amurke masanin gadon halitta, Sewall Wright, shi ne ya fara zana kibiyoyi tsakanin dalilai da sakamakonsu, ya kuma bayyana hanyar tasa cikin wata takarda a 1921, lokacin da yake nazarin ɓerayen Masar a Ma'aikatar Gona ta Amurka. A 1986 kuma Reuben Baron da David Kenny, masana halayyar ɗan Adam, suka tsara matakai masu sauƙi na gane ɗan tsakani, takardarsu ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a wannan fanni.

ABIN DA AKA GANO GAME DA ILMIN UWA

Shi Caldwell da kansa ya kawo hanyoyi uku da yake zato. Ta farko, mace mai ilmi ba ta cika naɗe hannu ta zuba wa cuta ido ba, takan tashi neman magani. Ta biyu, ta san yadda za ta yi magana da likita da nas har su saurare ta. Ta uku, wadda ya fi ba muhimmanci, ilmi yakan canza zaman gida, maganar matar ta sami nauyi a gaban miji da uwar miji, dukiyar gida kuma ta ƙara karkata wajen yara.

A 1984 Henry Mosley da Lincoln Chen suka shimfiɗa wani tsari da ya zama ginshiƙi. Suka ce talauci ko ilmi ba sa taɓa jikin yaro kai tsaye, sai sun bi ta ƙofofi biyar: halin uwa, kamar shekarunta da tazarar haihuwarta, ƙazantar ruwa, abinci da iska, ƙarancin abinci mai gina jiki, rauni ko haɗari, da kuma rigakafi da jinya. Duk mai neman ɗan tsakani, a cikin waɗannan ƙofofi zai duba.

Da John Cleland da Jeroen van Ginneken suka tattara binciken ƙasashe da dama a 1988, sai suka ga cewa wajen rabin fifikon 'ya'yan masu ilmi ya samo asali ne daga wadata: kuɗin shiga, gida mai kyau, ruwa mai tsabta da salga. Bayan shekara 10, watau a 1998, Sonalde Desai da Soumya Alva suka duba ƙasashe 22, suka ce idan aka sa ilmin miji, ruwan famfo, salga da irin garin da mace take zaune cikin lissafi, alaƙar ilminta da mutuwar jarirai takan ragu ƙwarai a yawancin ƙasashen, ko da yake alaƙarsa da kai yara rigakafi ta fi tsayawa da ƙarfi. A ƙasar Maroko kuwa, Paul Glewwe ya nuna a 1999 cewa sanin al'amuran lafiya shi ne babban ɗan tsakani, kuma matan ba a aji suka koye shi ba, iya karatu da lissafi ne ya ba su damar tsintarsa daga baya.

A nan akwai wani ƙulli da ya kamata a lura da shi. Wadata iri biyu ce. Akwai wadatar gidan uban yarinya, wadda ta riga makaranta, watakila ma ita ce ta sa aka kai ta makarantar. Wannan ba ɗan tsakani ba ce, ɓoyayyen dalili ce da ke bayan ilmin da lafiyar duka biyu, dole a cire ta. Akwai kuma wadatar da ta zo bayan makaranta, saboda matar ta sami aiki ko ta auri ma'aikaci. Wannan hanya ce da ilmi ya bi. Wanda ya haɗa su biyun ya cire gaba ɗaya ya tauye wa ilmi haƙƙinsa, wanda kuma ya bar su duka ya ba ilmi abin da ba nasa ba. Lissafi shi kaɗai ba ya iya bambance su, sai an san wanne ya riga wanne.

RAMUKAN DA KE KAN HANYA

Rami na farko shi ne ɓoyayyen dalilin da ke tsakanin ɗan tsakani da sakamako. A ɗauki haihuwa a asibiti. A wurare da yawa ba a kai mace asibiti sai naƙuda ta yi tsanani, ta kwana ta yini tana fama. Idan mai bincike bai rubuta tsananin naƙudar ba, alƙalumansa za su nuna kamar asibiti ne yake kashe jarirai, alhali kuwa waɗanda suka riga suka galabaita ne ake kai masa.

Irin wannan ruɗani ya taɓa faruwa a kan taba sigari. An san cewa jariran mata masu shan taba sun fi zuwa da ƙarancin nauyi, kuma jariri marar nauyi ya fi shiga haɗari. Amma a 1971 Jacob Yerushalmy na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya buga wani sakamako mai ban mamaki: cikin jariran da ba su kai kilo 2.5 ba, 'ya'yan masu shan taba sun fi rayuwa bisa ga 'ya'yan waɗanda ba sa sha. Masu kare taba suka sami abin riƙewa. Sai a 2006 Sonia Hernández-Díaz, Enrique Schisterman da Miguel Hernán suka bayyana abin dalla dalla da zanen kibiyoyi. Jaririn da uwarsa ba ta shan taba amma ya zo da ƙarancin nauyi, lalle wani dalili ne ya jawo masa, kamar naƙasar halitta, wanda sau da yawa ya fi taba muni. Ashe ba taba ce take kare jarirai ba, ware su da aka yi bisa ga nauyi, watau bisa ga ɗan tsakani, shi ne ya haifar da alaƙar ƙarya. Kama da wane, in ji masu iya magana, ba ta wane.

Rami na biyu shi ne zaton cewa ana iya raba tasiri kashi kashi kamar yadda ake raba gado. Wani lokaci mafari da ɗan tsakani sukan haɗu su ƙarfafa juna. A 1975 I. O. Orubuloye da Caldwell sun kwatanta garuruwa biyu na ƙasar Ekiti, Ido mai asibiti da Isinbode wanda ba shi da shi. Ilmin uwa ya taimaka ko a inda babu asibiti, asibiti kuma ya taimaka ko ga marasa ilmi, amma inda biyun suka haɗu amfanin ya zarce abin da za a samu in an tara na kowannensu. Tsohon lissafi mai sauƙi ba ya ganin irin wannan haɗuwa.

Rami na uku shi ne lokaci. Yawancin manyan binciken gida gida a rana ɗaya ake yi wa mace dukkan tambayoyin. Idan aka tarar da matar da ɗanta ya rasu tana da sani sosai game da ruwan gishiri da sukari, ba a san ko tana da sanin tun kafin rasuwar ba, ko kuwa rashin ne ya koya mata. Sai an bi mutane shekara da shekaru ne ake tabbatar da abin da ya riga wani.

Rami na huɗu shi ne awo. Shekarun makaranta suna da sauƙin ƙirgawa, amma ikon mace a gidanta fa, da wane mudu za a auna shi? Ɗan tsakanin da aka auna shi sama sama yakan fito ƙarami a lissafi, ko da shi ne babba a zahiri. Mai yiwuwa ne hanyar da Caldwell ya fi ba muhimmanci ita ce wadda alƙaluma suka fi zalunta.

SABON GYARA

Saboda waɗannan matsaloli ne James Robins da Sander Greenland a 1992, da Judea Pearl a 2001, suka sake gina dabarar daga tushe. Suka ce tambayar da ya kamata a yi ita ce: da a ce macen da ba ta yi makaranta ba za ta kai ɗanta rigakafi kamar yadda za ta kai in da ta yi makarantar, sauran al'amuranta kuma suna nan yadda suke, me zai canza? Wannan salon tambaya ya ba da damar lissafi ko da mafari da ɗan tsakani suna ƙarfafa juna. Tyler VanderWeele na Jami'ar Harvard ya tattara hanyoyin cikin wani babban littafi a 2015.

Amfanin gyaran ba wai ya kawar da ramukan ba ne, ya dai tilasta wa mai bincike ya faɗi sharuɗɗansa a fili. Sharuɗɗan huɗu ne. Kada a bar wani ɓoyayyen dalili tsakanin mafari da sakamako, ko tsakanin mafari da ɗan tsakani, ko tsakanin ɗan tsakani da sakamako. Na huɗu kuma, kada ya zama mafarin da kansa ne ya haifar da wani abu da yake juya ɗan tsakani da sakamako tare. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa ya cika su duka, don haka mai bincike na ƙwarai yakan ƙara wani lissafi da ke nuna girman da ɓoyayyen dalili zai kai kafin ya rushe sakamakonsa.

Wani lokaci kuma tarihi da kansa yakan yi abin da ya yi kama da gwaji. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 1976 ya sa 'yan matan waɗansu shekaru da waɗansu jihohi sun sami karatu fiye da yayyensu, ba don gidajensu sun fi wadata ba. Una Osili da Bridget Long sun yi amfani da wannan a 2008, suka ƙiyasta cewa ƙarin shekara 1 a makaranta yana rage haihuwar ƙuruciya da kimanin haihuwa 1 ga kowane mata 4. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa jinkirta haihuwa tana cikin hanyoyin da ilmi yake bi.

Inda aka sami 'yan tsakani masu aunuwa da mutanen da aka daɗe ana bi, dabarar takan ba da amsa mai amfani. A 2014 an haɗa bincike 97 da suka ƙunshi mutum miliyan 1.8, don a ga ta ina ƙiba take jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki. Aka samu cewa hawan jini, kitsen jini da sukari sun ɗauki kashi 46 cikin 100 na ƙarin haɗarin ciwon zuciya, da kashi 76 cikin 100 na shanyewar jiki, hawan jini kuwa shi ne babbansu. Ma'anar wannan ga likita a bayyane take: ko mai ƙiba ya kasa ramewa, sauke masa hawan jini zai rage masa haɗari mai yawa, amma ba duka ba.

DARASIN LEMUN TSAMI

Kuskuren ɗan tsakani yana da tsada, kuma tarihin jiragen ruwan Ingila shaida ne. A da akwai wata cuta da take kama matuƙa a doguwar tafiya, dasashi ya kumbura yana zub da jini, haƙora su zube, mutum ya mutu. A 1747 likita James Lind ya gwada magunguna a kan matuƙa 12, ya ga masu shan lemo ne suka warke, daga 1795 kuma rundunar ruwa ta riƙa raba ruwan lemun tsami, cutar ta kusa ɓacewa. Amma mutane da yawa sun ɗauka tsamin ne maganin. Saboda haka a ƙarni na 19 aka bar babban lemun ƙasashen Bahar Rum aka koma ga ƙaramin kore na tsibiran Karebiyan, wanda yake da tsami amma sinadarin da ake bukata ya yi ƙaranci a cikinsa, yadda ake sarrafa ruwan kuma yana ƙara lalata shi. Da ayarin George Nares ya nufi ƙuryar arewacin duniya a 1875, cutar ta dawo ta kama mutanensa, duk da cewa jiragen suna ɗauke da ruwan lemo. Sai a 1932 aka tabbatar da ainihin ɗan tsakanin, watau bitamin C. An san maganin, amma rashin sanin hanyarsa ya sa aka yar da shi ba a sani ba.

Haka zai iya faruwa ga ilmin mata. Idan iya karatu ne yake ceton yara, to makarantar da yarinya za ta yi shekara 6 ta fito ba ta iya karanta takardar magani ba, ta zama lemo mai tsami marar amfani, ko da rajistar ta cika da sunaye. Idan kuma asibiti ne yake ba ilmi damar yin aikinsa, kamar yadda aka gani a Ekiti, to gina aji ba tare da ɗakin shan magani kusa ba aiki ne rabi da rabi.

Saboda haka duk lokacin da aka kawo wa kwamishina, ko ɗan majalisa, ko mai karanta jarida wani rahoto da ke cewa kashi kaza cikin 100 na wata matsalar lafiya ta hanya kaza yake bi, akwai tambayoyi uku da ya cancanta a yi kafin a sa hannu a kan kuɗi. An tabbatar mafarin ya riga ɗan tsakanin, shi kuma ya riga sakamakon? Waɗanne ɓoyayyun dalilai aka auna, waɗanne aka bari? Yaya girman abin da aka bari zai kai kafin amsar ta canza? Rahoton da ya amsa waɗannan ya cancanci a yi aiki da shi. Wanda ya kasa kuwa sai a mai da shi ga masu shi su ƙarasa, domin kuɗin da aka kashe a kan hanyar da ba ita ba, an hana su ne ga hanyar da za ta kai ga yaron.